Sabuwar Mustang tsakanin Abuja da Kano: yaushe za a yi mata juyen mai?

Wani ɗan'uwa mazaunin Abuja ya aiko da tambaya. Ya shigo da Ford Mustang GT ƙirar 2024 daga Amurka, sabuwa dal, ko kilomita dubu bai yi da ita ba. Yawancin tafiyarsa cikin gari ce, sai kuma zuwa Kano lokaci zuwa lokaci. Littafin motar ya ce za ta iya kaiwa mil 10,000 kafin a juye mata baƙin mai. Bakanikensa ya ce wannan zancen Turawa ne, a riƙa juyewa duk wata, kuma a zuba mata mai kauri 20W-50 saboda zafin ƙasarmu. Wani abokinsa kuma ya ce tun yanzu ya zubar da man da ta zo da shi. Yana so ya san maganar wa zai ɗauka.

Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Bari in fara ba ka amsar kafin in kawo dalilai. Ka yi juyen farko idan ta kai tsakanin kilomita 1,600 da 2,000. Daga nan ka riƙa juyewa duk kilomita 5,000 zuwa 6,000, ko duk wata shida, wanda ya riga zuwa. Man da za ka zuba shi ne 5W-30 na asali, irin wanda ake kira sintetik, kuma kowane juye a sauya matatar mai. Maganar 20W-50 kuwa, ka ajiye ta gefe ɗaya, kada ko da wasa a zuba maka shi.

Mu fara da mil 10,000 ɗin nan, domin Ford ba ƙarya ta yi ba. Da farko ka lura cewa mil ne, kuma mil 10,000 ya kai kusan kilomita 16,000. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil take zuwa tana ƙirga tafiya, sai dai in ka shiga saitin allonta ka mayar da ita kilomita. Ka mayar tun yau, domin na sha ganin an manna wa mutum takardar sabis an rubuta lamba da nufin kilomita, motar kuwa tana ƙirga mil, ya wuce wa'adinsa da fiye da rabi bai sani ba. Na biyu, wannan adadi iyaka ce ta ƙarshe, wato kada a wuce mil 10,000 ko shekara ɗaya ko da allon bai ce komai ba. Shi kansa littafin ya raba tuƙi kashi-kashi: na yau da kullum, mai tsanani, da mai tsananin gaske, wanda a cikinsa wa'adin ke saukowa zuwa tsakanin kilomita 5,000 da 8,000. Akwai kuma wani shafi can wajen ƙarshe da mutane ba sa kaiwa gare shi, inda aka ce mai tuƙi a wuri mai ƙura ko yashi ya juye mai duk kilomita 8,000 ko wata shida. Wannan shafin shi ne namu. Duk wanda ya taɓa ajiye baƙar mota a Kano cikin watan Janairu ya dawo bayan awa uku ya rubuta sunansa da yatsa a kan bonet, ya san a wane kashi muke.

Abin da ya fi ruɗar masu sababbin motoci shi ne lambar nan da allo ke nunawa, wai saura kashi kaza cikin ɗari na ƙarfin mai. Mutane na ɗauka akwai wata na'ura a cikin injin da ke ɗanɗana man tana faɗin lafiyarsa. Babu ita a motarka. Kwamfuta ce ke lissafi: sau nawa injin ya juya, wane zafi ya kai, sau nawa aka tayar da shi a sanyaye, awa nawa ya yi yana aiki a tsaye. Lissafin yana da kyau ƙwarai a kan abin da ya sani. Amma an gina shi ne bisa zaton cewa man da ke ciki na gaske ne, fetur ɗin irin na Amurka ne, iskar da injin ke shaƙa kuma mai tsabta ce. Idan ka zuba jabu, allon zai ce maka kashi 100 ne, ya ci gaba da ƙirga abinsa. Ba ya ganin hazo, ba ya sanin gidan man da ka sha.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarmu, shi ya sa zan daɗe a kanta. Injin motarka mai lita 5.0 ne, silinda takwas, yana iya juyawa har sau 7,500 a minti ɗaya. Kowace litar fetur da ya ƙona sai ya haɗa ta da iska mai dubban litoci. Matatar iska tana tare mafi yawan ƙurar da ke cikin iskar nan, amma babu matatar da ke tare duka. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara lallausa ce sosai, kuma asalinta garin yashi ne, wanda taurinsa ya kai ya karce ƙarfe. Ɗan abin da ya kuɓuce wa matata yana mannewa a jikin bangon silinda, ringi ya kankare shi ya sauke cikin mai, man kuma ya zagaya da shi ko'ina: metal ɗin karanshaf, sarƙar tayimin, kan kamshaf. Matatar mai tana kama manyan ƙwayoyin, ƙananan su wuce. A hankali sai man ya koma kamar tokar da ake goge tukunya da ita, yana yi wa ƙarfe santsi yana kuma cinsa. Babu yadda za a fitar da wannan lallausar ƙura sai a zubar da man gaba ɗaya. Don haka ko da man bai gaji ba ta fuskar sinadarinsa, abin da ya ɗauko ya isa a rabu da shi.

Tun da muna nan, ka sani cewa GT ta 2024 tana da akwatin iska biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da matatarsa. Ranar da za ka je sabis, ka tsaya a buɗe su a gabanka. Ka ɗaga matatar, ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta, wato ɓangaren da iska ke bi bayan an tace ta. Ya kamata yatsanka ya fito tas. In ya fito da ja-ja ko fari-fari, to ko dai murfin bai zauna daidai ba, ko robar bakin matatar ta saki, ko matatar ba ta kirki ba ce, kuma injinka yana shan ƙasa kai tsaye. Kada ka yarda a sa mata bututun iskar famfon faci a hura da ƙarfi, domin yana yaga zaren takardar ta yadda ido ba ya gani. In ta cika, a sa sabuwa. Sannan matasa za su ba ka shawarar cire ta a sa irin mai siffar mazurari, wai don ƙarin ƙarfi da daɗin ƙara. Irin waɗannan sun fi barin iska ta wuce, kuma da ita ƙura take wucewa. A ƙasar da babu hazo ana iya muhawara a kai, a nan kam ban ga abin muhawara ba.

Sai fetur. Tun 2017 dokar Amurka ta sa matsakaicin sinadarin sulfa a feturinsu ya sauko zuwa kashi 10 cikin miliyan. A shekarar 2017 ɗin ce Najeriya ta tsayar da nata ma'aunin a kan kashi 150 cikin miliyan, kuma ba kullum abin da ke cikin famfo ke bin abin da ke kan takarda ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol har aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai. Idan sulfa ya ƙone ya haɗu da danshi, yana zama asid a cikin baƙin mai. An zuba wa man sinadaran da ke kashe kaifin asid, amma suna ƙarewa, kuma gwargwadon yawan sulfa gwargwadon saurin ƙarewarsu. Wannan ne ya sa ban tsaya a kan kilomita 8,000 na Ford ba, na sauko zuwa 5,000 ko 6,000. Wannan hukuncina ne, ba na kamfani ba, na gina shi a kan abin da nake gani idan an buɗe injinan da suka zauna a ƙasar nan. Abu ɗaya mai daɗi: injin Mustang GT yana karɓar fetur na gama-gari, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da 91 a ma'aunin da muke amfani da shi, sai dai ba zai ba ka cikakken ƙarfin dokinsa ba sai da wanda ya fi haka. Ka zaɓi gidan mai guda ko biyu masu yawan ciniki ka tsaya a kansu, ka guji na jarka a bakin hanya.

Wata shida ɗin fa, me ya kawo shi, alhali wataƙila ba ka yi ko kilomita dubu biyu ba? Irin motarka ba kasafai ake zuwa aiki da ita kullum ba. Ana fito da ita ranar Juma'a ko Asabar, a je Wuse ko Maitama, minti goma a kashe. Wannan gajeriyar tafiya ta fi wahalar da mai fiye da zuwa Kano. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa, amma idan injin bai yi zafi ba, wani yana tsallake ringi ya sauka cikin mai, tare da ɗanyen fetur da bai ƙone ba. Sai man ya yi zafi sosai na tsawon lokaci kafin su ƙafe su fita. Motar da ba ta samun wannan, manta yana tsinkewa yana lalacewa tana ajiye a gareji. Haka zaman cunkoso da na'urar sanyi a kunne: injin yana aiki, lambar tafiya ba ta motsi. Ford da kanta, a motocin da take yi wa 'yan sanda, tana lissafa awa ɗaya na aiki a tsaye daidai da tafiyar mil 33. Wanda ya san hanyar Nyanya da Mararaba da yamma sai ya yi wa kansa lissafi. Tafiyarka ta Kano, in ban da ramuka da ƙura, ita ce hutun man.

Yanzu ga bakanikenka. Ina ganin mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa yana da asali. Ya koyi aiki a kan injinan da suka tsufa, waɗanda giɓin da ke tsakanin ƙarafansu ya buɗe, inda mai kauri ke toshe giɓin ya rage hayaƙi da ƙara. A zamanin Peugeot 504 da 505, 20W-50 shi ne daidai. Injinka ba haka yake ba. Giɓinsa matsattse ne, hanyoyin mansa sirara ne, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da abin da ke ɗaure sarƙar tayimin duk da mai suke aiki. Da safe idan ka murza, mai kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya hau sama, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ne injin ke cin kansa fiye da kowane lokaci. Batun zafin ƙasa kuma, injin da ke tafiya zafinsa yana kaiwa digiri 90 zuwa sama da 100, a Kano yake ko a Michigan inda aka haɗa motar, domin lagireto da tamostat ne ke tsayar da shi a nan. Lambar 30 da ke cikin 5W-30 a jikin galan, wadda ke nuna kaurin man, an auna ta ne a digiri 100. Kuma wannan motar da wannan man ana tuƙa ta a Arizona da Texas, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 kamar na Sakkwato a watan Afrilu. Ka duba murfin da ake zuba mai, an rubuta abin da ake so a kansa. A jikin galan kuma ka nemi alamar API SP ko wadda ta biyo bayanta. Tun 2020 aka fito da ma'aunin SP, kuma cikin abin da aka ƙara masa har da kare sarƙar tayimin daga saurin cinyewa.

Juye duk wata kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai, har ma yana da nasa haɗarin, domin duk kwance noti da ɗaure shi dama ce ta kuskure, kuma mai yawan saye shi ya fi saurin faɗawa hannun masu jabu.

Jabun nan shi ne abin da ya fi tsorata ni a kan motarka, fiye da zancen kilomita. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwanninmu. Ana tara galan ɗin da aka zubar, a cika su da mai maras inganci ko tsohon da aka tace, a liƙe baki da kyau. Gara man gaske da ya yi kilomita 8,000 da jabun da ya yi 1,000. Ka saya da kanka a wurin dillalin da kamfanin man ya amince da shi ko babban gidan mansu, ka duba hatimin murfi da lambar da aka buga a jiki, ka karɓi rasit. In farashin ya yi ƙasa da na ko'ina, ka tuna araha ba ta ado. Idan an gama zubawa, ka huda galan ɗin da wuƙa kafin ka bar shi, kada ya koma kasuwa da sunan sabo. Matatar mai ma haka, ta asali ta Motorcraft, wato ta kamfanin Ford, ko wadda ta kai ta, domin jabun matata tana iya ruftawa ciki ta bar mai yana wucewa ba tacewa.

Ga wani abu da zai iya kashe maka inji rana ɗaya. Wannan injin yana shan mai kusan lita tara da rabi, wato galan biyu masu lita biyar-biyar saura kaɗan. Yaron shagon da ya saba da Corolla, wadda galan ɗaya ke isarta har a yi ragi, zai iya juye galan guda ya rufe bonet ya ce an gama. Ka tsaya a kai. Bayan an zuba a tayar da motar minti biyu, a kashe, a jira kamar minti goma sha biyar a wuri mai daidaito, a zaro gejin, wato sandar da ake auna yawan mai da ita, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu, kusa da ta sama, kada ya haura ta. Wanda ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe.

Abokinka da ya ce a zubar da man farko, ya yi gaskiya rabi. Ford ba ta wajabta juyen wuri ba. Abin da ta ce shi ne a lallaɓa motar a kilomita 1,600 na farko: kada a yi gudun wuce kima, a riƙa sauya saurin tafiya, kada a takura injin. Wasu kamfanonin sun wajabta, misali BMW tana kiran motocinta na M su dawo a kilomita 2,000 a sauya man inji da na aksul ɗin baya. Ni ina bin wannan ra'ayi ko a Mustang, saboda a lokacin ne ringi ke zama a mazauninsa, ɗan garin ƙarfe da ragowar abubuwan haɗi na masana'anta suna sauka cikin mai, kuma kuɗin juye ɗaya ba komai ba ne a kan kuɗin motar. Amma akwai abin da zai sa ka yi tun yanzu. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera motar a masana'antar Ford ta Flat Rock da ke Michigan. Daga wannan watan man ya fara tsufa. Ta zauna a filin dillali, ta hau jirgin ruwa, ta jira a tashar Legas, ana tayar da ita ana kashewa don matsar da ita 'yan mitoci. In an shekara da ƙera ta kuma ba ka da shaidar an taɓa juye mata, ka juye a wannan makon, sannan ka sake idan ta cika 2,000.

A wannan lokaci na lallaɓawa, hanyar Kano ba ta da laifi, sai dai kada ka kafa ta a kan gudu ɗaya awa biyu. Ka hau, ka sauka, ka bar giya ta yi ta sauyawa. Da safe ba sai ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar ba. Rabin minti ya isa, ka tafi a hankali, kada ka taka totur sosai sai man ya ɗau zafi, kuma ka sani mai yana jinkirin zafi fiye da ruwan lagireto. Wannan ɗabi'a ka riƙe ta har bayan motar ta gama sabunta. Sabon inji kuma yana iya ɗan shan mai, don haka ka riƙa zaro geji duk sati biyu da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ka ajiye lita guda a but.

Kada baƙin launi ya tsorata ka. Mai mai kyau yana yin duhu ne domin yana kwashe datti yana riƙewa, kuma murza shi da yatsa ba ya faɗa maka komai game da sinadaransa. Abin da za ka ji tsoro shi ne warin fetur mai ƙarfi a jikin gejin, ko man ya ƙaru da kansa, ko ya koma kalar shayi da madara, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinsa idan ka haska shi a rana. Kowanne daga cikinsu, a tsaya a bincika kafin a ci gaba da hawa. Ruwan wanke inji da ake zubawa kafin juye, da ƙananan gwangwanayen da ake cewa suna ƙara wa mai ƙarfi, sabuwar mota ba ta bukatar ko ɗaya.

Sauran ruwayen ba su da yawan magana. In taka mai sauya giya da kanta ce, mai giya goma, man da take sha shi ne Mercon ULV, kuma shi kaɗai, ba kowane jan man giya ba. Littafi ya ba shi dogon wa'adi, ni dai a zafinmu da cunkosonmu ba na barinsa ya wuce kilomita 60,000. Man birki yana shan danshin iska ko ana hawa ko ba a hawa, a sauya shi duk shekara biyu, domin motar da ke da wannan gudun birkinta ne ranta. Lagireto kuma kada a ƙara masa ruwan famfo ko na leda, sai irin ruwan sanyaya injin da littafi ya ambata. Tayoyinta masu siririn gefe ne, rami ɗaya yana iya kumbura su ko ya lanƙwasa rim, saboda haka ka riƙa auna iskarsu da safe bisa lambar da ke jikin ginshiƙin ƙofa, ba bisa abin da mai faci ya saba bugawa ba.

Game da garanti, motar da aka sayo daga Amurka aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa, kada ka ɗauka tana da shi a nan sai ka tambaya. Coscharis ne wakilin Ford a Najeriya, ka kai musu lambar shasi su faɗa maka matsayinta. Ko da garanti ko babu, ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun mota, kowane sabis ka rubuta kwanan wata, kilomita, sunan man da lambar matata, ka maƙala rasit. Bayan kowane juye a shiga allo a mayar da lissafin mai zuwa kashi 100. Idan wata rana allon ya nemi juye kafin wa'adin da na ba ka ya cika, ka bi allon, domin ya ga wani abu a yanayin tuƙinka. Idan kuma wa'adin ya cika allon yana cewa saura kashi 50, ka bi littafinka.